Na haddace formil duka amma mekanik ta ƙi ni: amsa ga wata ɗalibar Tahoua

Wata ɗaliba daga Tahoua, wadda ta gama furamiyar C kuma za ta shiga tarminal bana, ta aiko da tambaya. Ta ce formil ɗin mekanik, wato ilimin ƙarfi da motsi, duk suna kanta, a aji tana bin mushe (malami) ba wahala, in ta karanta korije, wato amsar da aka riga aka warware, komai sai ya fito mata sarai. Amma da an ba ta egzarsis ita kaɗai sai ta rasa ta inda za ta kama. Makinta ya faɗi, har tana shawarar barin sashen C na lissafi da fizik ta koma sashen D. Tana son sanin abin da za ta yi da hutun damina kafin a koma aji a watan Oktoba.

Ƴata, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a. Zancen komawa D shi ne mai sauƙin amsa, bari in sallame shi tukuna. Idan lissafi ne ya yi miki nauyi, ko zuciyarki na wajen ilimin halittu da likitanci, D hanya ce mai kyau, ba abin kunya a cikinta. Amma idan gudun mekanik za ki yi, za ki tarar da ita can zaune tana jiran ki: jifa, tauraron ɗan'adam, rasor (sifirin) mai lilo, duk suna cikin karatun tarminal D. Bayan bak kuma, ko sashen kimiyya kika shiga a Jami'ar Abdou Moumouni ko EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, da ita za a tarbe ki tun shekarar farko. Gara a yi ta ta ƙare yanzu.

Abin da kika kwatanta na san shi, don shi nake gani a takardun da nake gyarawa nan Yamai. Ɗalibi ya buɗe takarda, ya ga an ba shi m da v da α, sai ya shiga laluben formil ɗin da ke ɗauke da waɗannan haruffa uku. A ƙananan azuzuwa dabarar tana fisshe shi, don tambayoyin gajeru ne, kowace da formil ɗinta. A tarminal ba ta aiki, domin can formil ɗin da kike bukata ba ya cikin kayenki. Ke za ki haifar da shi a kan takardar jarrabawa. Kusan duk mekanik ɗin ajin nan a kan doka ɗaya take tsaye, wadda Newton ya kafa a littafinsa na 1687, wadda ku kuke kira TCI: jimillar ƙarfin da ke aiki a kan abu daga waje daidai take da mas ɗinsa sau akselerasiyon ɗinsa, wato yadda gudunsa ke canzawa, ko a yawansa ko a inda ya dosa. Rubuta wannan doka ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar, kowa a ajin ya iya. Inda ake faɗuwa shi ne kafin a rubuta ta: wane abu ake magana a kai, kuma wane ƙarfi ne ke kansa da gaske.

Kuma akwai abin da ke yaƙar ki a nan ba ki sani ba. Tun kina ƙarama idonki ya koya miki cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi ko ana jan shi. Jaki ya tsaya, amalanke ta tsaya. Kin daina taka keke, ya mutu. Saboda haka a can cikin ranki kin yarda cewa duk inda abu ya dosa, to can ƙarfi ya fi yawa. Ba ke kaɗai ba ce. Manyan masana sun zauna a kan wannan fahimta ɗaruruwan shekaru suna bin Aristotal. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, yana cikin waɗanda suka fara ja da ita, da ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wata karkata da ba za ta ƙare ba in da babu abin da ke tare shi kamar iska. Sai a ƙarni na 17, da aikin Galile wanda ya fito a 1638 da na Newton bayansa, maganar ta zauna: ƙarfi ba ya riƙe gudu, canza shi yake yi. Ɗalibi na iya rera wannan jimla ba kuskure, hannunsa kuwa in ya zo zane sai ya bi tsohuwar fahimtar.

Ga yadda nake kama shi a aji. Ki ɗauki rijiyar makiyaya irin ta ƙasar Adar, mai zurfi, wadda ake ja da jaki ko raƙumi: igiya ta bi ta kan puli, yaro na kora dabbar tana nisantar bakin rijiya, guga na hawowa cike. Mu ce gugan da ruwansa kilo 30 ne. Nauyinsa, wato jan da ƙasa ke yi masa, 30 sau g, wato 9,8, niyuton 294. Sai in tambaya: gugan na tsakiyar rijiya, yana hawa da gudun da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, to jan igiya ya fi nauyin, ko bai kai shi ba, ko daidai suke? Hannuwa su tashi da sauri: ya fi shi mana, mushe, ai sama yake zuwa. Ba haka ba ne. Gudu ba ya canzawa, don haka akselerasiyon sifiri ne, don haka jimillar ƙarfi sifiri ce: igiya na ja da 294 cif. Lokacin da igiya ta fi nauyi ƙarfi shi ne farkon tashi, sa'ad da jakin ya ɗaga ƙafa gugan ya bar ruwa yana samun gudu. In akselerasiyon ɗin 0,5 ne, T − P = m·a, inda T jan igiya ne, P kuma nauyi, ya ba ki 294 da 15, wato 309. Amma ki duba ƙarshen tafiyar, gugan ya kusa baki, yaron ya ja wa jakin kunne ya rage sauri. Gugan na nan yana hawa, amma gudunsa na raguwa, akselerasiyon ɗin ƙasa yake kallo, in shi ma 0,5 ne igiya na ja da 279 kawai. Abu na tafiya sama alhali jimillar ƙarfin da ke kansa ƙasa take kallo. Ki zauna da wannan har ya daina yi miki ciwon kai. Ranar da kika ji shi daidai a jikinki, ba don mushe ya ce ba, kin ci rabin babin.

Amalanken ma tana da tarkonta. Dokar Newton ta uku ta ce in jaki ya ja amalanke gaba, amalanke na jan jaki baya da ƙarfi daidai wa daida. To yaya aka yi suke motsi? Na ga ɗalibai masu kaifin kai sun yi shiru a nan. Amsar ita ce waɗannan ƙarfi biyu ba a kan abu ɗaya suke ba: ɗaya a kan amalanke, ɗaya a kan jaki, kuma ba a haɗa lissafin ƙarfin da ke kan jiki biyu daban a ce sun kashe juna. In amalanke kike nazari, abin da ke kanta shi ne jan jaki, nauyinta, tokarar ƙasa, da gogayya. In jaki kike nazari, abin da ke tura shi gaba ƙasa ce: kofatonsa na tura ƙasa baya, ƙasa na tura shi gaba. Shi ya sa a taɓon damina yake ta sulɓi a wuri ɗaya, ƙarfinsa na nan amma ƙasa ta ƙi ba shi abin tokarawa.

Daga nan ne tsarin aikin ya fito, kuma shi nake son ki mayar al'ada a hutun nan. Kafin kowane lissafi ki rubuta da kalmomi abin da kike nazari a kai, ki faɗi daga inda kike kallon motsin, galibi ƙasa, wadda muke ɗauka a matsayin mazaunin Galile, wato inda dokokin Newton ke aiki kai tsaye, in motsin bai daɗe ba. Sa'an nan ki zana abin shi kaɗai, babba, ba ɗan ƙaramin zane a gefen takarda ba, ki tambayi kanki: wa ke taɓa shi? Igiya, katako, rasor, iska. Kowanne ya ba ki kibiya. Bayan su sai masu aiki daga nesa, nauyi, da ƙarfin lantarki ko na maganaɗisu in abin na ɗauke da caji. Shi ke nan. Kowace kibiya sai ta zama da mai ita, wanda za ki iya nuna shi da yatsa. In kin zana kibiya kika rasa wanda ke yin ta, ki goge ta. Wadda na fi gogewa da jan bik ita ce wadda ake sa wa ƙwallo a sama, mai kallon gaba, wai ƙarfin bugu. Ƙafar da ta buga ta tana ƙasa, ta rabu da ita tuni. Babu mai tura ta.

Sai rarraba kibau a kan layukan x da y, inda sinus da kosinus ke cin mutane. Ana sauke buhun albasar Galmi daga mota a kan katako mai gangare, mu ce buhun kilo 100 ne, katakon ya yi digiri 30 da ƙasa. Nauyi 980 ne, yana kallon ƙasa tsaye, ba ruwansa da katako. Sashensa da ke bin gangaren shi ne P·sin α, 490. Wanda ke danna katakon P·cos α, kusan 849. Kada ki haddace wanne ne wanne, don ranar da aka ba ki kusurwar daga tsaye maimakon daga kwance haddar za ta jefa ki rami. Ki gwada da tunani: in na kwantar da katakon ƙasa, α sifiri, buhun zai zame? Ba zai zame ba. To sashen gangare dole ya zama sifiri a nan, kuma sinus ne ke zama sifiri a sifiri. Daƙiƙa goma ke nan, kuma ba ya kuskure. In gogayya niyuton 290 ce, abin da ya rage 200 ne, akselerasiyon 2. In babu gogayya sam, za ki ga m ta fice daga lissafin, a = g·sin α, 4,9, ko buhu ne ko ƙwayar albasa ɗaya. Wannan ficewar ba za ki gan ta ba sai in kin riƙe haruffa har ƙarshe kafin ki sa lambobi. Ɗaliban da ke sa lambobi tun layin farko suna wahalar da kansu, suna kuma wahalar da mai gyara, don in suka yi tuntuɓe ba a ganin inda za a ba su ko rabin maki.

Babin jifa, wanda ake jin tsoro, a gaskiya shi ne mafi biyayya. Ƙarfi ɗaya ne, nauyi, saboda haka akselerasiyon g ne, ƙasa, tun daga barin ƙafa har faɗuwa. Sauran duk lissafi ne: ki ɗauki primitif ɗin akselerasiyon sau ɗaya ki samu gudu, ki ƙara ki samu wuri, kowane karo ki duba halin farko don cike abin da ya rage. An buga ƙwallo da mita 20 a daƙiƙa, a digiri 30. A kwance gudunta 17,3 ne kuma ba ya canzawa, tunda ba mai ja ba mai turawa ta wannan gefe, in mun manta da iska. A tsaye ta fara da 10, yana raguwa da 9,8 kowace daƙiƙa. Ta kai ƙololuwa bayan daƙiƙa ɗaya da ɗan kaɗan, a tsayin mita 5,1, ta sauka wajen mita 35 daga inda aka buga ta. A ƙololuwar nan gudunta nawa? Da yawa za su ce sifiri. Sashen tsaye ne kaɗai ya mutu. 17,3 na nan. Akselerasiyon fa? Shi ma za su ce sifiri, alhali in da haka ne da ƙwallon ta miƙe ta wuce ba ta sauko ba. Kuma ina roƙon ki kada ki haddace formil ɗin nisan jifa. Yana aiki ne kawai in an sauka a tsayin da aka tashi, masu shirya jarrabawa kuwa sun san haka, sai su ɗora mai jifar a kan soro ko su sa masa bango a gaba. Wanda ya iya fito da x da y daga TCI bai damu ba. Af, kuma in kin koyi wannan da kyau, babin elektron a tsakanin faranti biyu masu caji kyauta za ki same shi, lissafi ɗaya ne, an cire g an sa qE/m.

Motsin da'ira shi ne wuri na biyu da tsohuwar fahimtar ke dawowa. Ɗan kabu-kabu na zagaya shataletale mai faɗin mita 20 daga tsakiya, allurar gudunsa tsaye a kan kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa. Gudun bai ƙaru ba bai ragu ba, amma inda ya dosa na canzawa kowane lokaci, don haka akwai akselerasiyon, v²/r, 5, yana kallon tsakiya. In shi da babur da fasinja kilo 200 ne, ana bukatar niyuton 1000 masu kallon tsakiya, kuma gogayyar taya da kwalta ce ke ba da su. In iska ta zuba rairayi a kan kwaltar, gogayyar ta kasa, babur ɗin ya miƙe ya bar kwanar. Ba wani ƙarfi da ya fizge shi waje. Wanda ke lanƙwasa shi ne ya gaza. Muddin daga ƙasa kike kallo, kada ki zana kibiya mai kallon waje.

Tauraron ɗan'adam wannan lissafin ne dai, an sa jan duniya a madadin taya. Ki daidaita G·M·m/r² da m·v²/r, m ta sake ficewa, ki wayi gari da dokar Kepler ta uku, wadda ya fitar a 1619, a hannunki: T² bisa r³ ba ya canzawa, inda T a nan lokacin zagaye ɗaya ne. Ki dubi farantan parabol da ke kan gidajen unguwarku: an ɗaure su sau ɗaya ba a sake juya su, kuma babu mai kallon arewa. Dalili, taurarin da suke kamawa suna saman ikwaita, suna zagaya duniya a lokacin da ita ma take juyi ɗaya, awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, wato daƙiƙa 86164. Ki sa wannan a dokar, r ya fito kusan kilomita dubu 42 da 200. Daga tsakiyar duniya ake auna shi; in kin cire wajen 6400 na rabin faɗin duniya, tsayin daga ƙasa ya kusa dubu 36. Rikita r da tsayi shi ne kuskuren da ya fi cin maki a babin nan. Kuma kada wani ya ce miki babu nauyi a sararin samaniya. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke wajen kilomita 400 sama, g ya kai kusan 8,7. Mutanen ciki na shawagi ne don su da tashar tare suke faɗuwa, suna kewaya duniya.

Akwai kayan aiki na biyu, TEC, dokar makamashin motsi, kuma sanin lokacin ɗaukar wanne shi ne ke raba mai gamawa da wanda lokaci ke ƙure wa. In tambayar ta shafi lokaci, ko ana son jan igiya ko tokarar ƙasa a wani wuri, TCI. In an ba ki wurare biyu ana son gudu ko nisa, ba a ambaci lokaci ba, TEC, musamman in hanyar lanƙwasasshiya ce. Ɗan kabu-kabun nan ya taka birki, gogayya 1000: a mita 10 a daƙiƙa makamashinsa jul dubu 10 ne, ya tsaya cikin mita 10. A mita 20 a daƙiƙa, wato 72 a awa, jul dubu 40, mita 40. TCI kuwa ta gaya miki lokacin tsayawa daga daƙiƙa 2 ya koma 4. Lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu. Da direbobinmu sun san wannan layi ɗaya da an rage zaman makoki.

Ki kuma koyi karanta takardar jarrabawa da bik a hannu, don Faransancinta ba ado ba ne, kowace gaɓa lissafi ce a ɓoye. In an ce an saki abu, gudun farko sifiri ne. In an ce wurin santsi ne, babu gogayya, tokara na tsaye a kan wurin. Igiya marar nauyi mai bi ta kan puli marar nauyi, jan da ke gefe biyun ɗaya ne. In ba ta miƙewa, abubuwan da ta haɗa gudunsu ɗaya, akselerasiyon ɗinsu ɗaya a yawa. In an tambaya inda abu zai rabu da hanya, ana nufin inda tokara ta zama sifiri. Ki keɓe shafi ɗaya a kayenki kina tara irin waɗannan duk inda kika ci karo da su.

Yanzu zancen korije, wanda a ganina shi ne ainihin ciwonki. Karanta korije kamar kallon kokowa ne daga kan benci: kina ganin kowane kamu sarai, har kina cewa ai da ni ce da na yi kaza, amma ƙafarki ba ta taɓa rairayin fili ba. Gane aikin wani da iya fara naki abu biyu ne, kuma na biyun ba ya samuwa sai da wahalar rasa hanya. Wayoyi sun ƙara ɓata lamarin. Ana jefa egzarsis a WhatsApp, kafin minti biyar hoton amsa ya iso. Ki nemi tsofaffin takardun bak, namu da na ƙasashen maƙwabta masu irin tsarinmu, ki rufe korijen ki ɗora littafi a kai. Ki ba egzarsis ɗaya minti ashirin ko talatin kina fama. In kin maƙale, ki buɗe layi ɗaya kawai, wanda ya warware maƙalewar, ki sake rufewa. In kin gama, ki rubuta a gefe abin da ya tsayar da ke, da kalmominki: na manta tokara, na ɗauki tsayi a madadin r. Bayan kwana uku ki sake yin shi a farar takarda. Egzarsis biyu a rana ta haka sun fi goma da aka karanta. In kuna da ƙungiyar karatu, irin ta ƴan bak masu taruwa gaban allo da yamma, ki yi ƙoƙari allin ya riƙa zuwa hannunki. Mai riƙe da alli shi ke koyo, sauran shaida kawai suke yi. Ki yi wa ƙawayenki bayani da Hausa ma, don a nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ke rera jimlar littafi.

Lissafin da za ki gyara kafin Oktoba ba shi da yawa: deribe da primitif na abubuwa masu sauƙi, sinus da kosinus, warware lissafi mai x², da rarraba kibiya a kan layuka biyu. Ki duba kalkuletarki ma. In kin danna sin 30 ta ba ki −0,988 maimakon 0,5, a radiyan take. Kuma duk amsar da kika samu ki tsaya ki dube ta da idon mutumin gari. Rijiya mai zurfin kilomita 3, ko jaki mai gudun mita 90 a daƙiƙa, na sha ganin su an ja musu layi biyu a ƙasa da alfahari.

Yawancin lise ɗinmu ba su da kayan gwaji isassu, amma akwai gwaji ɗaya da za ki yi a tsakar gida, kuma gani ya kori ji. Ki ɗaura ƙaramin kwaɗon ƙofa a zare, ki rataye a ƙusa, ki auna mita ɗaya daga ƙusar zuwa tsakiyar kwaɗon. Ki ja shi gefe kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, ki saki. Da agogon waya ki auna lokacin zuwa da dawowa ashirin, ba ɗaya ba, don yatsanki ba shi da saurin da zai kama guda ɗaya daidai. Za ki samu wajen daƙiƙa 40, wato 2 kowane lilo. Ki sa a g = 4π²·l/T², ki ga kin auna jan duniya da hannunki; in kin samu tsakanin 9,5 da 10 kin yi aiki. Ki canza kwaɗon da wanda ya fi shi nauyi, lokacin ba zai canza ba. Ki rage zaren zuwa santimita 25, lokacin ya koma rabi. A ƙasarmu ainihin g wajen 9,78 ne, bai kai 9,81 na Paris da littattafai ke kawowa ba, saboda kusancinmu da ikwaita. Da irin wannan lilo aka fara lura da bambancin: a 1672 Jean Richer ya kai agogo mai lilo daga Paris zuwa Kayen, kusa da ikwaita a Kudancin Amurka, ya tarar yana makara kusan minti biyu da rabi kowace rana. A jarrabawa dai ki yi aiki da g ɗin da aka ba ki, ko da 10 ne.

Babin rasor da lissafinsa ki bar shi sai an koma, yana bukatar lissafin da ba ku yi ba tukuna. Hutun nan ki ba wa zanen ƙarfi, gangare, igiya da puli, sai jifa in lokaci ya ba ki.

Ga na farawa. Gugan nan mai kilo 30 na hawa da mita 2 a daƙiƙa, yana mita 20 saman ruwa, sai igiya ta tsinke. Ki zana ƙarfin da ke kansa bayan tsinkewar, ki faɗi ko nan take zai juya ƙasa, sa'an nan ki nemo lokacin da zai ɗauka kafin ya taɓa ruwa da gudun da zai taɓa shi da shi. Gudun ki nemo shi ta hanya biyu, TCI da TEC, ki ga ko sun haɗu. Da g = 9,8 ya kamata ki samu wajen daƙiƙa 2,2 da mita 19,9 a daƙiƙa. In 2,0 kika samu, kin manta cewa sai da ya ƙara hawa santimita 20 ba igiya kafin ya fara saukowa.